Gandu ko Gayauna? Tsokaci a Kan Mallaka da Naɗin Shugabanni a Ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin cin karo da batun tamola a mujallar da aka saba cika ta da waƙoƙi da gajerun labarai. Dalili kuwa shi ne, da wuya a sami fagen da halayen al'umma suke fitowa fili kamar fagen wasanninta. Ana iya naɗa wanda bai cancanta ba a ofis, a shekara goma ba a farga ba, domin takarda ba ta ƙorafi. A filin ƙwallo kuwa minti 90 ne kacal, a gaban dubban shaidu, kuma da yamma kowa ya san sakamako.

Wannan maƙala za ta dubi tambayoyi biyu masu alaƙa da juna. Ta farko, ƙungiyar ƙwallon ƙafa da gwamnati take ɗaukar nauyinta, ta wa ce? Ta biyu, wanda yake da ikon naɗa shugabanninta da mai horar da 'yan wasanta, shin yana da damar naɗa duk wanda ya ga dama? Za a ɗauki Wikki Tourists ta Bauchi a matsayin madubi. Manufar ita ce a auna tsarin da ake tafiya a kansa, wanda ya girmi duk wani mutum guda da ya taɓa riƙe ƙungiyar.

Hawa da Gangarar Giwayen Bauchi

An kafa Wikki Tourists a shekarar 1991, shekara guda bayan fara gasar ƙwararru ta Nijeriya a 1990. Ta samo sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke gandun dajin Yankari, kuma daga giwayen wannan daji ne aka yi mata laƙabi da Giwayen Bauchi. Gidanta shi ne filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma gwamnatin Jihar Bauchi ce take ɗaukar nauyinta.

A 1998 ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa, bayan ta doke maƙwabciyarta Plateau United ta Jos a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2013 ta faɗa rukuni na biyu, ta sake hawowa, har a 2016 ta zo ta uku a ƙasa baki ɗaya, a ƙarƙashin mai horarwa Abdu Maikaba. A wannan kaka ɗan wasanta Godwin Obaje ne ya fi kowa zura ƙwallo a raga, inda ya ci 18. Kafin kaka ta gaba, mai horarwar ya koma Akwa United ta Uyo, inda ya ci kofin ƙasa a 2017, Obaje shi ma ya sauya sheƙa. Ita kuwa Wikki, ƙungiyar sojojin Saliyo ta fitar da ita tun a zagayen share fage na gasar Afirka a 2017. A 2023 ta sake faɗawa rukuni na biyu, sannan a 2025 ta sake samun gurbi a babbar gasa.

Wanda ya dubi wannan tarihi zai ga cewa Bauchi ba ta rasa hazaƙa ba, ba ta kuma rasa masoya ƙwallo ba. Abin da yake wuya shi ne ɗorewa. Hausawa kuwa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan gini ya yi ta tashi yana rushewa, mai hankali yakan bar zargin ruwan sama ya koma duba harsashi.

Ta Wa Ce Ƙungiya?

Bahaushe bai taɓa ɗaukar duk abin da ke hannun mutum a matsayin nasa ba. Harshenmu ya bambanta mallaka, wadda ake samu ta gado ko saye ko kyauta, da aro, da haya, da jingina, da ajiya. A kowane ɗaya daga cikin huɗun na ƙarshe abu yana hannunka, kana iya amfani da wani daga cikinsu, amma akwai ranar da za a tambaye ka yadda ka yi da shi.

Misalin da ya fi dacewa da batunmu yana cikin tsarin noma na gargajiya, wato bambancin gandu da gayauna. Gayauna 'yar gona ce da ake yankar wa mutum ya noma don kansa. In ya ga dama ya shuka gyaɗa, in ya ga dama ya bar ta ta yi saura, riba tasa, asara tasa. Gandu kuwa gonar gida ce baki ɗaya. Maigida ne yake da ta cewa a kansa: shi yake faɗin abin da za a shuka, shi yake raba aiki, shi yake riƙe da rumbu. Amma wannan iko yana tafe da nauyi, domin daga gandun ake ciyar da gida, a biya haraji, a yi wa samari aure. Maigidan da ya ɗebi hatsin gandu ya yi bajinta da shi a dandali ya ci amana, ko da kuwa babu alƙalin da zai kama shi.

To, ƙungiya irin Wikki gandu ce ko gayauna? Mai cewa ta gwamnati ce tun da ita take biyan albashi, sai a tambaye shi: kuɗin na wa ne? Daga baitulmalin jiha suke fitowa, wato daga rabon manomin Ningi da malamar makarantar Azare da ɗan tireda na Kasuwar Wunti, har da waɗanda ba su taɓa taka filin wasa ba. Ke nan ko da ma'aunin kuɗi aka bi, jama'a ce mai ƙungiya, gwamnati kuwa wakiliya ce. Daga 1999 zuwa yau gwamnoni huɗu aka zaɓa a Jihar Bauchi, kowanne ya tarar da ƙungiyar, kuma babu wanda wa'adinsa ya kai tsawon rayuwarta.

Akwai kuma wata mallaka da ba a rubuta ta a takarda, wato ta magoya baya. Ɗan wasa yana iya komawa wata ƙungiya gobe, mai horarwa yana iya samun inda ya fi, shugaban hukuma yana iya samun wani muƙami. Mutum ɗaya ne ba shi da wurin zuwa, shi ne wanda mahaifinsa ya fara kai shi fili yana yaro, wanda faɗuwar ƙungiyar take hana shi cin tuwon dare. Wanda ba ya iya barin abu, kuma shi yake kwana da zafin lalacewarsa, yana da haƙƙi a kansa da ya wuce na mai wucewa.

Naɗi: Inda Ake Gwada Amana

Idan an yarda ƙungiya gandu ce, to ta ina ake gane mai riƙon kirki? Mutane da yawa za su ce ta yawan kuɗin da ya saki. Wannan ma'auni ne mai rauni, domin sau da yawa rijiya takan ba da ruwa guga ya hana. Gwamna ba ya zaɓar 'yan wasa 11 da za su shiga fili, ba ya bin mota zuwa Aba ko Fatakwal. Hannunsa guda ne a cikin lamarin, wato zaɓen mutanen da za su yi waɗannan ayyuka. Saboda haka a wurin naɗi ne amanarsa take tsayawa ko ta faɗi.

A nan ne matsalar take da sarƙaƙiya, domin ba kullum mugunta ce take kawo mummunan naɗi ba. Sau da yawa wata kyakkyawar ɗabi'a ce aka ajiye ta inda ba wurinta ba. Al'adarmu ta girmama halacci, ta kuma ƙyamaci butulci. Wanda ya sha rana da kai lokacin neman mulki, ya ɓata da 'yan'uwansa saboda kai, idan ka samu ka manta da shi, duk gari zai zage ka, kuma da gaskiyar gari. Don haka idan aka zo rabon muƙamai, sai a dubi hukumar ƙwallo a matsayin wurin da za a sallami wanda ba a sami gurbinsa a wani wuri ba, a ce ai wasa ne.

Amsar ita ce, halacci bashi ne na ƙashin kai, kuma bashin ƙashin kai daga gayauna ake biyansa. Wanda ya biya shi da kujerar jama'a ya yi kyauta da kayan wani. Ya sauke nauyin mutum ɗaya, ya ɗauki na dubbai. Kalmar "wasa" kuma kada ta ruɗe mu. Ga mai kallo wasa ne, amma ga yaron da ya bar makaranta ko sana'a ya rungumi ƙwallo, ita ce gonarsa, kuma damina ce gajera, domin ƙarfin ƙafa ba ya daɗewa. Kaka biyu da aka ɓata masa saboda sakacin shugabanni ba za su dawo ba har abada.

Kakanninmu sun san wannan. Ba a naɗa Sarkin Pawa daga cikin maɗinka, ba a kuma ba da Sarkin Ruwa ga wanda bai iya iyo ba, duk kusancinsa da fada. Sarki ne yake naɗawa, amma daga cikin masu sana'ar yake zaɓa, domin ya san rawani ba ya koya wa mutum fiɗa.

Wani nau'in wannan matsala shi ne batun ɗan ƙasa. Akan ji ana cewa, ƙungiyar jiharmu ce, don me za a ɗauko baƙo? Akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi, domin ƙungiyar da ba ta renon 'ya'yan jiharta ta rasa rabin dalilin kafa ta. Amma hanyar gyara ita ce a horar da na gida har su cancanta, tun daga wasannin makarantu da na unguwanni. Tarihin Wikki kansa shaida ne, domin mai horarwar da ya kai ta matsayi na uku a 2016 mutumin Kano ne. Tarihin garin ma haka ya nuna. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin Bauchi, Bagere ne, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba shi tuta a zamanin da galibin masu tuta Fulani ne, saboda abin da ya sani na iliminsa da halinsa tun yana almajirinsa. Garin da aka kafa a kan irin wannan zaɓe bai kamata ya zama wurin da ake tambayar asalin mutum kafin a tambayi iyawarsa ba.

An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Abin da aka saba gani a ƙungiyoyin gwamnati a duk faɗin ƙasar nan shi ne, da zarar an sha kashi sau uku ko huɗu a jere, sai a ba mai horarwa wa'adin wasa biyu ko uku, in bai ci ba a sallame shi. Jama'a su yi tafi, a kawo sabo, bayan 'yan watanni a maimaita.

Ba a cewa kada a taɓa korar mai horarwa. Akwai wanda aikin ya fi ƙarfinsa, kuma barinsa zalunci ne ga sauran. Amma adalci yana da ƙa'ida guda da ba ta canzawa: alhaki gwargwadon iko. Kafin a tuhumi mutum da faɗuwa, a tambaya: shi ya zaɓi 'yan wasan, ko kuwa wasu aka turo masa da 'yar takarda daga manya? An biya albashi da alawus a kan kari, ko da yunwa aka shiga fili? An isa garin da za a yi wasa da wuri an huta, ko kuwa an kwana a mota an sauka an ɗaura takalmi? Idan an hana mutum iko a kan waɗannan, sannan aka ɗora masa laifin sakamakonsu, to an bar jaki ana dukan taiki.

Bugu da ƙari, duk korar mai horarwa shaida ce a kan wanda ya ɗauko shi. In bai cancanta ba, wa ya zaɓe shi, kuma da wane ma'auni? In ya cancanta, don me aka kore shi? Hukumar da ta sallami masu horarwa uku a jere ta yanke wa kanta hukunci sau uku, ko da ba ta sani ba. Abin takaici shi ne, a tsarinmu tuhuma takan gangara ƙasa kamar ruwa, ba ta hawa sama.

Mai ja zai iya kawo misalin Chelsea ta Ingila, wadda a zamanin Roman Abramovich, daga 2003 zuwa 2022, ta yi ta sauya masu horarwa, amma ta ci Kofin Zakarun Turai a 2012 da 2021. Gaskiya ne. Sai dai a can mai horarwa kaɗai ake sauyawa, sauran ginin yana nan daram: albashi ba ya makara, makarantar renon yara tana aiki, wanda aka kora kuma ana biyansa haƙƙinsa. Wanda yake so ya kwaikwayi korar, sai ya fara kwaikwayon biyan. A ɗaya ɓangaren kuma ga Manchester United, wadda ta ɗauki Alex Ferguson a 1986, bai ci kofi ba sai 1990, bai kuma ci gasar ƙasa ba sai 1993. Da a wurinmu ne, da bai ga damina ta biyu ba.

To, a Sayar da Ita?

Wasu sun gaji, sun ce maganin kawai shi ne gwamnati ta cire hannunta, a miƙa ƙungiya ga attajiri, domin mai abu shi ya san zafinsa. Suna da hujja. Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta ci gasar ƙasa a 2025, ta bar ƙungiyoyin gwamnatoci a baya.

Amma tarihi yana da wani darasin. Abiola Babes ta Abekuta da Leventis United ta Ibadan sun yi tashe a shekarun 1980, sun ci kofuna, amma da masu su suka janye hannu a ƙarshen waɗannan shekaru, sai suka watse, magoya bayansu suka wayi gari babu abin goyon baya. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta koma hannun gwamnatin Jihar Imo a 2006, aka sauya mata suna zuwa Heartland. A Ingila ma, masu ƙungiyar Wimbledon sun ɗauke ta daga unguwarta a Landan suka kai ta wani gari a 2003, har magoya baya suka kafa tasu sabuwa tun daga tushe. Ke nan sayar da gandu ga mutum ɗaya yana iya mayar da shi gayauna ta dindindin. Gwamnan da ya yi ba daidai ba ana iya jiran ƙarshen wa'adinsa, amma attajiri ba shi da wa'adi.

Abin da ya bambanta ƙungiyar da ta ɗore da wadda ta rushe shi ne ko akwai wanda zai iya tambayar mai riƙo. Jamusawa sun fahimci haka. Lokacin da suka ba ƙungiyoyinsu damar zama kamfanoni a 1998, sun sa ƙa'idar cewa rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun 'yan ƙungiya. A Sifen, 'yan ƙungiyar Barcelona da na Real Madrid su suke zaɓen shugabansu. Waɗannan tsare-tsare suna da nasu matsalolin, amma sun ginu a kan abin da manomin Hausa ya daɗe da sani, wato mai riƙon rumbu yana da waɗanda zai yi wa bayani.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu yi abin da ya dace da mu. Ana iya kafa ƙungiya bisa doka, hukumarta ta sami wa'adin da bai zo daidai da na zaɓe ba. Ana iya ware kujeru ga tsofaffin 'yan wasa da wakilan magoya baya masu rajista. Ana iya bayyana sharuɗɗan muƙami kafin a bayyana sunan wanda aka ba, a rubuta wa mai horarwa yarjejeniya mai faɗin ikonsa da abin da ake nema daga gare shi, a kuma buga lissafin kuɗi a ƙarshen kowace kaka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Nauyin Sauran Jama'a

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan mai naɗi. Wanda aka naɗa shi ma yana da zaɓi. Idan mutum ya san bai san aikin ba, ko ya san ba za a bar shi ya yi shi yadda ya kamata ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa ya karɓa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma magoya baya muna da namu kason. Wanda yake iƙirarin ƙungiya tasa ce, amma yana neman ƙofar da zai shiga ba tare da ya biya kuɗin tikiti ba, ya raunana iƙirarinsa. Wanda kuma yake ganin dole a ci wasan gida ko ta halin ƙaƙa, har ya kai ga jifan baƙi ko barazana ga alƙalin wasa, yana rusa abin da yake cewa yana so. Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, an zabtare mata maki saboda tarzoma a filin wasa a 2022, kuma a wannan shekara ta faɗa rukuni na biyu. Haka nan ihun "a kore shi" da muke yi bayan kowace faɗuwa shi yake sauƙaƙa wa hukuma ta miƙa mana mai horarwa ta tsira da kanta. Da za mu riƙa tambayar yadda aka ɗauko shi da abin da aka ba shi na aiki, da tuhuma ta fara hawa sama.

Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa ƙungiya irin Wikki Tourists gandun jama'a ce, mai riƙe da ita wakili ne, kuma ikon naɗi amana ce da ake tambaya a kanta. An kuma nuna cewa halacci da zumunci, duk da girmansu, ba a biyansu da kujerar jama'a, kuma tuhumar faɗuwa ya kamata ta fara daga inda iko ya fara.

Ɗaliban da suke karanta wannan mujalla, da yawansu wata rana za su zauna a kujerar da ake naɗi daga kanta, ko a makaranta, ko a asibiti, ko a ƙaramar hukuma. A can babu allon da zai nuna ci nawa aka yi musu, babu kuma rukuni na biyu da za a tura su. Yaron da bai iya karatu ba da majinyacin da bai sami kulawa ba su ne sakamakon, kuma ba sa ihu kamar 'yan kallo. Ranar da takardar sunaye ta zo gabansu, tambayar da za su yi wa kansu ita ce wadda ta dace da mai riƙon Giwayen Bauchi: wannan da nake shirin bayarwa, daga gayaunata yake ko daga gandu? Allah ya ba mu ikon riƙon amana.